Na Asabar Ba Ya Fita

Kafin ka ga Baba Hatimi, sai ka ji shi. Tun daga ƙofar laburaren unguwa, inda mai gadi yake kafa kujerarsa, ana jiyo ƙarar: dam a kan tawada, dam a kan takarda. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan bugu a bayan tebur guda, har katakon ya yi ɗan kwarmi daidai inda gwiwar hannunsa take sauka. Sunansa na yanka yana nan a takardar ɗaukar aiki, amma ko shi kansa in aka kira shi da shi, sai ya waiga ya ga ko da wani ake.

Aikin nasa ba mai wuyar bayani ba ne. Ka ɗauko littafi, ka miƙa masa tare da katinka. Ya buɗe bangon baya, inda aka manna wata 'yar takarda mai layi-layi, ya buga ranar da za ka dawo da shi. Sati biyu, littafi uku ga kowane kati, ko kai waye. Ban da wannan, shi ne mai jera jaridu da safe, shi ne mai sa wa sababbin littattafai rigar leda, mai ɗinke wanda ya yage da gam da zare, kuma shi ne mai lallashin injin fotokwafi in ya tashi taurin kansa. Tsofaffin da suke zuwa karanta jarida su ɓige da gyangyaɗi a kanta, da 'yan jarrabawa masu cika dogon teburin tsakiya, da matan da suke zuwa a cike musu fom a kwamfutocin nan guda biyu, duk ta gabansa suke wucewa.

Abin da zai ba ka dariya, shi bai taɓa aron littafi ba. Yana da kati, lamba ta bakwai, fari fes kamar jiya aka yanka shi. In an tsokane shi sai ya ce, "Ni bayan littafi na sani. Gabansa kuwa, a tambayi matata."

Matar tasa ita ce Anti Asabar. Malamar firamare ce, gajeruwa, mai murya kamar ta mutum uku. A teburin nan suka haɗu tana ɗaliba, ta zo tana masifa wai hatiminsa ya dagule, ba a gane ko takwas ne ko uku. Ya ce uku ne. Ta ce takwas. Sun haifi 'ya'ya huɗu ba su gama wannan gardamar ba.

Shekara goma sha biyu da suka wuce ta fara karatun yara. Kowace Asabar ƙarfe goma za ta shigo da jakarta, ta cire takalmi a ƙofar ɗakin yara, ta zauna a kan kafet ta miƙe ƙafa, yara su kewaye ta kamar 'yan tsaki. Akwai wata kanta a ƙarƙashin taga, ba ta fi tsayin gwiwar babban mutum ba. Kantar ƙasa ake ce mata. A nan ta tara littattafai sittin da ta zaɓa da hannunta, ta kuma kafa musu doka ɗaya tak: na Asabar ba ya fita. Dalilinta kuwa, ita ba ta gama labari a zama ɗaya. Daidai inda ya yi daɗi nan take rufe littafi, yara su yi ta ihu, ta ce sai wani sati. To in wani ya tafi da shi gida, ƙaninsa ya zuba masa ruwa ko ya manta da shi a gidan kakarsa, sauran su yi yaya? Don haka a ari na kowace kanta, amma na ƙasa yana nan inda yake.

Kuma tana yin wani abu da yake ƙona wa Baba Hatimi rai. Rubutu take yi a cikinsu da fensir. Ɗigo, nan za a ja numfashi. Da'ira, nan yara za su amsa da ƙarfi. Sanda biyu a tsaye, nan za a yi shiru a ɗago kai a dubi idon yara har sai sun fara motsi.

"Littafin hukuma kike ɓatawa," in ji shi.

"Fensir ne, Mai Hatimi, ba jini ba. Kai da kake dukan su da tawada kullum, wa ya kai ka ƙara?"

Wata tara da suka wuce, ranar wata Talata, tana shanya kaya a tsakar gida ta faɗi. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana kuma ta tafi. Matar da in ta fara zance sai ka nemi wurin zama, kalma ɗaya aka bar mata: "To." Da ita take neman ruwa, da ita take gode wa mai dubiya, da ita take korar ƙuda.

Mutane sun zaci Baba Hatimi zai rushe. Bai rushe ba. Bai ma yi kuka ba, ko a asibiti. Ya koyi yadda ake juya ta kada gado ya ci bayanta, da yadda ake ba ta abinci ta gefen bakin da yake aiki, da yadda ake sa hannun da ya mutu cikin riga kafin mai rai. Autarsu take zama da ita da rana, shi ya karɓa da yamma. In aka ce masa, "Ya mai jiki?" ya ce, "Da sauƙi," da murya ɗaya kullum, kamar hatimin nasa. Abinci ya daina yi masa ɗanɗano, amma yana ci, tun da an zuba. Wata safiya ruwan zafi ya kwarara masa a bayan hannu, ya tsaya yana kallon fatar tana ja, kamar hannun wani ne aka ba shi ajiya. Sai da Auta ta yi ƙara sannan ya tuna ana sa irin wannan a ruwan sanyi.

Yaran Asabar ba su daina zuwa ba, sai dai sun ragu. Daga arba'in suka dawo goma sha wani abu. Yana jiyo muryoyinsu ta bango, kamar rediyon maƙwabta. Ba ya shiga. Ba wai yana gudun ɗakin ba ne, a'a, kawai ƙafarsa ba ta da wani aiki a can.

Ana cikin haka aka turo musu sabuwar shugaba. Yarinya ce, ba ta kai babbar 'yarsa ba, mai ladabi da saurin tafiya. Baba take ce masa, kuma ba ta zama kafin ya zauna. Ita ta yi ta rubuce-rubuce har aka aiko musu da sababbin littattafai, kwali arba'in cur, abin da ba a gani ba tun kafin a canza rufin ginin. Da aka farke kwalin farko, ƙamshin sabuwar takarda ya cika wurin, har tsofaffin jarida suka farka.

Sai dai babu inda za a sa su.

"Baba, wurin nan ya cika har ya toshe," in ji Shugaba. "Dole mu rage. Ƙa'idar daga sama ce, kuma ba ta da wuya. A duba takardar baya. Duk wanda ya shekara biyar ba a are shi ba, a buga masa jan hatimi, a sa shi a kwali. Motar masu sarrafa takarda za ta zo Alhamis, ta sake dawowa Asabar ƙarfe sha biyu. Ba wanda ya san takardun nan kamar kai."

"To," ya ce. Sai daga baya ya lura kalmar matarsa ce ya ara.

Ya fara ranar Litinin. Aiki ne da ya dace da mutum irinsa a wannan hali, don ba ya bukatar zuciya, hannu kawai yake so. Ka zaro littafi, ka kifa shi, ka buɗe baya, ka duba ranar ƙarshe. In ta tsufa, dam: AN CIRE, da jar tawada. Ka jefa a kwali, ka zaro na gaba. Ya gama da littattafan lissafi na zamanin da, ya gama da na koyon keken rubutu, ya gama da tarihin ƙasashen da tuni suka canza suna. Ranar Laraba da rana ya iso ɗakin yara. Ya bi kantocin sama ɗaya bayan ɗaya, sannan ya durƙusa a gaban kantar ƙasa, gwiwoyinsa suna ƙara.

Ya kifa na farko. Takardar baya fara tas, ko ɗigon tawada babu. Dam. Na biyu ma haka. Dam. Har ya ce a ransa, waɗannan ai ba a ma taɓa aron su ba.

Kada ka ce bai sani ba. In da bara ne, ko cikin barci ka tashe shi zai gaya maka dalilin da ya sa takardun nan suke fari. Bangayen sun yi laushi kamar tsohon zane saboda hannun yara. Salatif ɗin da yake riƙe da bayansu, shi ya manna shi da kansa, wani sau uku, wani sau huɗu. Amma ranar idonsa takarda aka ce ya duba, takarda kuwa ya duba. Bai juya ko ɗaya ta gaba ba. Littafi sittin, kwali biyu. Ya rubuta a jikinsu da baƙin alƙalamin maka, Yara 1, Yara 2, ya tura su sito, ya wanke hannu, ya tafi gida ya juya matarsa.

Ranar Alhamis mota ta zo ta kwashi abin da za ta iya ɗauka. Ranar Juma'a ya cika kantar ƙasa da sababbi, kowanne yana sheƙi cikin rigarsa ta leda. Shugaba ta manna takarda mai launi a sama, SABABBIN SHIGOWA, ta ɗauki hoto da wayarta ta nuna masa. Ya ce ya yi kyau. Kuma gaskiya ya yi kyau.

Ranar Asabar, goma ta ɗan gota, sai ga wata yarinya tsaye a gaban teburinsa. Shekararta tara, da tabarau wanda aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Mai gadi ne ya raɗa mata Hedimasta, saboda yadda take jera sa'o'inta a layi tun daga bakin ƙofa, sunan kuma ya bi ta.

"Baba Hatimi, ina kwana. Ya jikin Anti?"

"Da sauƙi."

"Ina akuyarmu?"

"Wace akuya?"

"Wadda ta shiga bas ta ƙi sauka. Mai koren bango. Ta huɗu daga hagu." Ta gyara tabarau. "Mun tsaya a inda direba ya kira matarsa ta zo ta yi mata magana. Yau za mu ci gaba."

"Ku da wa?"

Ta dube shi kamar yadda ake duban wanda ya tambayi ina rana take fitowa. "Ni nake yi musu tun da Anti ta kwanta. Ai ta sa alama. Inda ta sa ɗigo, nan nake numfashi."

Wata tara yana jin muryar nan ta bango, bai taɓa tambayar kansa me take cewa ba.

Ya tashi ya bi ta. Yara goma sha huɗu ne a ɗakin, duk sun cire takalma, amma ba wanda ya zauna. Suna tsaye cirko-cirko a gaban kantar ƙasa suna kallon sababbin littattafan, kamar waɗanda suka dawo daga makaranta suka tarar da baƙi a ɗakinsu. Wani ɗan ƙarami mai hanci a jiƙe ya ɗago kai.

"Baba, an yi sata."

"Ba sata ba ce," in ji Baba Hatimi. "Ni na cire su."

Ya faɗi haka, sannan ya tsaya yana jiran abin da zai taso masa a ƙirji. Kunya, ko tsoro, ko wani abu dai. Kamar mai sallama a gidan da aka tashi, ya yi ta saurare, ba wanda ya amsa. Abin da ya zo masa kawai shi ne agogon bango: goma da minti ashirin. Mota sha biyu.

Sito ɗaki ne marar taga a bayan ginin, yana warin tsohuwar takarda da maganin ɓera. Ya kunna fitila ya bi kwalayen da suka rage yana karanta rubutunsa. Yara 2 yana can ƙasa, an ɗora masa wasu uku. Ya sauke su. Ya sake bin sauran tun daga farko, har sau biyu. Yara 1 ba ya nan.

Ya rungumo kwalin ya kai ofishin Shugaba, yaran suna biye da shi a layi ba tare da an ce su yi ba. Ya ajiye a kan teburinta ya yi mata bayani a taƙaice, kamar mai karanta sanarwa. Ta zaro ɗaya, ta buɗe shi ta gaba. Ta juya shafi, ta sake juyawa.

"Wa ya yi wannan rubutun?"

"Matata."

"Duka?"

"Duka."

"Haba, Baba. Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Ban duba gaba ba."

Ta dubi jan hatimin da yake bangon baya. Sannan ta dafe goshi. "Ga matsalar. Na riga na aika wa na sama da sunayen duk abin da muka cire, tun jiya. Ba zan iya ɗaga waya in ce a fasa don yara suna son su ba, za a ce in nuna shaida. Hanya ɗaya ce a ƙa'ida. In littafi yana da hatimin aro na bana, ina da ikon soke cirewar in sa hannu. In babu, motar nan da shi za ta tafi."

Kafin ta rufe baki Hedimasta ta juya ga jama'arta. "Masu kati, hannu sama. Kai, sauke, na yayanka ne, na sani." Ta ƙirga. "Mu goma. Uku-uku, talatin." Ta durƙusa ta ƙirga na cikin kwalin, tana ɗaga kowanne tana duba bangonsa. Da ta kai ƙarshe ta ɗan daɗe ba ta ɗago ba. "Talatin da ɗaya. Akuya ba ta ciki."

"Tana ɗaya kwalin," in ji Baba Hatimi. "In direban ya zo zan tambaye shi."

"To a fara da waɗannan," in ji Shugaba.

Amma Hedimasta ba ta motsa ba. Ta harɗe hannu a ƙirji. "Ba zai yiwu ba."

"Saboda me?" in ji Shugaba.

"Na Asabar ba ya fita. Anti ta ce."

"Yarinya, in ba su fita ba yau, fitar da za su yi ta har abada ce."

"Ni dai Anti ta ce."

Sauran yaran suka gyaɗa kai. Shugaba ta dubi Baba Hatimi ko zai sa baki. Shi kuwa yana kallon agogo, sha ɗaya saura kwata, yana jin maganar tasu kamar daga ƙarƙashin ruwa.

Mai gadi ne ya raba gardamar. Dama tun ɗazu ya baro kujerarsa yana leƙe ta taga, don shi ba a yin abu a ginin nan ba da shi ba. "Wai fita har ina ake nufi, Hedimasta? Ni ne ƙofa a gidan nan. Wanda bai wuce ni ba, bai fita ba. Ku ara, ku zo ku taɓa kujerata, ku mayar. In Anti ta warke ta kawo ƙara, ni zan tsaya muku."

Hedimasta ta yi nazarin maganar da kyau, kamar alƙali. "Ba wanda zai taka waje?"

"Wanda ya taka, ni da shi ne."

Shugaba ta ɗauki wayarta ta hau dubawa, alhali ba a kira ta ba. "Ni dai hatimi nake so in gani," ta ce. "Ban san komai game da kujera ba."

Haka aka yi. Baba Hatimi ya koma bayan teburinsa, ya juya lambobin hatimi zuwa sati biyu masu zuwa. Yara suka yi layi, kowa da kati a hannu da littafi uku a ƙirji. Dam a kan tawada, dam a kan takarda. Yaro ya wuce ta gaban dogon tebur, ya je ya taɓa kujerar mai gadi, ya juyo ya ajiye a tiren mayarwa. 'Yan jarrabawa suka ajiye biro suna kallo. Mai gadi kuwa ya samu abin yi.

"Sannu da hanya, Alhaji ƙarami, ya gajiyar tafiya? Kai, mai hancin nan, kujera aka ce ka taɓa, ba ka goge a rigata ba! Ke kuma har kin karance uku? Wannan ai sai a ba ki aikin Baba."

Yaran suna ta ƙyalƙyala dariya. Baba Hatimi yana ganin bakinsu yana buɗewa, ya san abin dariya ne, hannunsa kuma bai tsaya ba. Takardun da suka shekara goma sha biyu fari, kowace ta samu layinta na farko. Shugaba tana gefe tana ja wa jan hatimin layi, tana sa hannu a ƙasa.

Da layin ya ƙare, littafi ɗaya ya rage a gindin kwali. Siriri ne, mai shuɗin bango, labarin wani jirgin ruwa da yake tsoron ruwa. Katunan yara duk sun cika.

"Baba, ba ka da kati?" in ji Hedimasta.

Ya jawo aljihun tebur. Yana can ƙarƙashin robobin ɗaure takarda da tsofaffin makullai, lamba ta bakwai. Ya rubuta lambar, ya kifa littafin, ya buga. Bai kai shi kujerar mai gadi ba. Ya sa shi a cikin jakarsa, bai kuma san dalili ba. Hedimasta ta gani, ta kau da kai.

Sha biyu da 'yan mintoci mota ta tsaya a ƙofar baya. Baba Hatimi ya fita, yaran suka tsaya a bakin ƙofa, ba wanda ya taka waje. Direban wani ƙato ne mai fara'a, da tawul a wuya.

"Kayan Alhamis? Wayyo, Baba, ai tun jiya da safe aka jiƙa su a injin niƙa takarda. Mu ba ma ajiya. Injin nan ba ya jiran kowa. Yanzu haka wataƙila sun zama tiren ƙwai." Ya ga fuskokin da suke bayansa, sai ya rage murya. "Wani abu ne mai muhimmanci a ciki?"

"Littattafai ne," in ji Baba Hatimi.

Hedimasta ta cire tabarau ta goge da bakin rigarta, ta daɗe tana gogewa. Ɗan ƙaramin nan ya ja hannunta.

"To akuyar ta sauka?"

"Ta sauka."

"Ta yaya?"

"Zan gaya muku. Na san shi da ka." Ta mayar da tabarau. "Amma babu hoto. Kuma ban san duk inda ake numfashi ba."

Ta kora su ciki. Baba Hatimi ya taimaka aka loda sauran kwalayen, ya sa hannu a takardar direba. Sannan ya koma ɗakin yara ya kwashe rabin sababbin ya mayar da su kantar sama, ya jera talatin ɗin a inda suke. Ya tambayi Hedimasta wanne ne yake bin wanne, ta gaya masa ba tare da ta dube shi ba.

Da yamma ya isa gida. Auta ta ba shi rahoto a tsaye tana neman takalminta: ta ci rabin abinci, ta sha magani, ta ƙi yarda a kunna talabijin. Ta tafi. Anti Asabar tana kan kujerarta a gefen taga, hannun dama a kan cinya kamar abin da aka manta a wurin. Ya jawo kujera ya zauna a gabanta, ta ɓangaren hagu.

Zai iya yin shiru. Ba mai gaya mata, ita kuma ba ta iya tambaya. Amma shekara talatin bai taɓa iya ɓoye mata ko fasa kofi ba.

Ya gaya mata duka, a jere. Ƙa'idar shekara biyar, da ranar Laraba, da jan hatimi, da kwali biyu. Ya ce talatin da ɗaya sun tsira. Ya ce ashirin da tara sun tafi, har da akuya, kuma da hannunsa. Bai ce ta yafe masa ba, don bai ji a jikinsa abin da ake ji kafin a faɗi haka ba, kuma ba ya son ya yi mata ƙarya.

Ta daɗe tana kallonsa. Gefen fuskarta mai rai bai nuna komai ba, kamar ɗayan.

"To," ta ce.

A wata tara ya koyi rarrabe To ɗinta kusan kala goma. Wannan bai san ta ba. Suka zauna. A waje wani yana gyaran babur, yana tayarwa yana mutuwa.

Can ya tuna da jakarsa. Ya zaro littafin mai shuɗin bango ya ɗora mata a cinya. Ta dube shi. Ta kifa shi da hannun hagu, da ƙyar, ta buɗe baya. Ta ga jan hatimin da aka ja wa layi, ta ga ranar da aka buga. Sannan ta dubi ƙofar ɗakin, ta dubi mijinta, girarta ɗaya ta ɗaga.

"To?"

Wannan kam ya san ta.

"Na sani. Ba ya fita. Kafin Asabar zan mayar."

Ta tura masa littafin da bayan yatsu. Ya ɗauka zai sa a jaka, ta buga hannun kujera. Ta sake nuna littafin, ta nuna bakinsa.

"Ni? Ke ma kin san ban iya ba."

Ta ci gaba da kallonsa.

Ya juya littafin ta gaba, ya buɗe. Ga fensirinta nan ko'ina, ɗigo-ɗigo kamar sawun tururuwa. Ya gyara murya ya fara, da irin muryar da yake karanta wa mata fom: wai akwai wani ƙaramin jirgi da aka ƙera aka gama, aka yi masa fenti, amma duk ranar da aka zo tura shi ruwa sai ya ƙanƙame yashi. Ya wuce ɗigo bai numfasa ba. Ya wuce da'ira, babu yaran da za su amsa. A ƙasan shafi na uku akwai sanda biyu a tsaye, ya bi ta kansu kamar motar da ba ta da birki.

Sai ta kama fatar wuyan hannunsa da farce biyu ta murɗe.

"Kai!" Ya fizge hannun. Zafin ya tafi har gwiwar hannu. Ya duba wurin, ga shaidar farce biyu, jini yana taruwa a ƙarƙashin fata. Ya shafa, yana yi masa zugi, kuma nasa ne.

Ta sa yatsa a kan sandunan nan biyu, ta ƙwanƙwasa.

Ya yi shiru. Ya ɗago kai kamar yadda alamar ta ce, ya rasa idon da zai duba sai nata. Suka zauna a haka, babur ɗin waje ya tashi ya sake mutuwa. Sai da ta ga dama sannan ta ɗauke yatsan.

Ya koma farkon shafin.